Shekarar da Maigidana Ya Kori Mai Daga Tukunyata

Maigidana ba ya ɗaukar magana rabi-rabi. In ya yarda da abu, to ya yarda ke nan, sai ya bi shi har kowa a gidan ya gaji, shi bai gaji ba. Tun muna zaune a Sakkwato na san wannan halin nasa. Akwai lokacin da wani ya ce masa ruwan ɗumi da safe na gyara ciki, muka daɗe ba wanda ya isa ya taɓa randa kafin hantsi.

Da aka ba mu jihar Zamfara, yana cikin ma'aikatan da aka dawo da su Gusau. Muka kama hayar ciki da falo a Tudun Wada, ni da shi da yaranmu biyu, na kuma sami koyarwa a wata firamare da ke bayan layinmu. Dawowar ta yi mana daɗi, don ta ajiye mu tsakanin iyayenmu. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana Tsafe. Mahaifiyarsa, Hajiya, tana Bungudu. Kowacce mota ɗaya za ta hau ta iso mu.

Inna man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi tun kafin a haife ni, da shi ta yi mana kayan ɗaki ni da ƙannena. Hajiya kuwa tana da 'yan shanunta a hannun wani makiyayi, kuma ba ta yarda wani ya soya mata man shanu, ita take soya abinta da albasa ta ɗura a kwalba. Saboda haka a kicin ɗina kwalabe biyu ne ba su taɓa ƙonewa, ɗaya daga gabas, ɗaya daga yamma. In direban Tsafe ya kawo aike yau, jibi za ka ji yaron motar Bungudu na sallama. Ban taɓa jin sun yi shawara ba, amma kowacce tana sane da aiken 'yar'uwarta.

Muna cikin wannan jin daɗin wani abokin aikin maigidana ya rasu. Mutumin Tsafe ne, sa'ansa ne, teburinsu na kallon juna. Sun idar da sallar azahar, ya sunkuya zai sa takalmi, ya kife. Maigidana na cikin waɗanda suka ɗauke shi zuwa mota, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Aka ce zuciya ce ta buga.

Ranar maigidana ya dawo gida ya zauna bakin gado da hularsa a hannu. Na kawo abinci, bai ko buɗe ba. Kwanakin da suka biyo baya nakan gan shi ya ɗora hannu a ƙirji ya yi shiru, kamar mai sauraren motsi a wani ɗaki. Ban yi masa dariya ba, kuma ko yanzu ba wannan nake wa dariya ba. Tsoro ne na gaskiya, ni ma ya kama ni.

Sai wata yamma, ina tankaɗe, ya ƙwala mini kira.

"Malama! Zo ki ji, maza!"

Shirin kiwon lafiya ake yi a rediyo, wani likita na bayani a kan ciwon zuciya. Na sami ƙarshen maganar, inda yake cewa yawan cin kitse da maiƙo na toshe hanyoyin jini. Maigidana ya kashe rediyon a hankali, ya dube ni da idon wanda ya kama ɓarawon da ya daɗe yana nema.

"Kin ji ko? Kamar bututun famfo ne. Mai ya shiga, ya daskare, ya toshe. Shi ke nan, mutum ya faɗi."

"Yawan ci ya ce, Malam."

"Yawa daga kaɗan yake farawa."

Washegari kafin in dawo daga makaranta ya kwashe kwalaben nan biyu ya ɗora su can saman kwaba, inda sai na taka kujera zan kai. Ya ce daga yau babu man shanu, babu man gyaɗa, babu manja, babu ƙwai, nama kuma sai an yanke duk wani fari-fari da ke jikinsa. Na roƙa wa yara sassauci, da ƙyar ya yarda a riƙa ɗiga musu a nasu kwanon.

Wanda bai taɓa cin ɗanwake ba mai ba, ina roƙa masa Allah kada ya gwada. Ƙwallayen sai su manne da juna kamar masu jin sanyi, yaji ya tsaya a kai fururu, in ka haɗiya ka ji shi yana sauka yana tambayar hanya. Miyar kuka ta zama ruwan ganye. Hoce kuwa, gasasshen ƙullun dawan nan wanda ko da mai sai da ruwa a kusa, ranar da na kawo masa shi gaya sai da ya ƙware, na buga masa baya, idonsa ya yi ja. Da ya farfaɗo ya share hawaye ya ce, "Kin ga, yanzu ne mutum ke jin ainihin ɗanɗanon dawa."

Babbar 'yarmu ta same ni a kicin ta yi ƙasa da murya.

"Umma, talauci muka yi?"

Na ce mata a'a, lafiya muke nema. Ta leƙa tukunyar ta ce, "A nan ciki?"

Lokacin kuma ana fama da wahalar man fetur, layin motoci ya kai inda ido ba ya gani. Maƙwabciyata ta shigo wata rana tana ƙorafin mijinta ya wuni a gidan mai bai samu ba. Na ce mata ta gode Allah, su a mota kawai suke wahalar mai, mu har a tukunya.

Ana nan sai ga maigidana ya shigo da wani gwangwani a leda yana murmushi. Bota ne irin na kanti. Wani abokinsa mai shagon kayan shayi ya gaya masa wannan ba ya toshe komai, don daga tsiro aka yi shi, ga ma hoton zuciya an zana a jikin gwangwanin.

Na juya gwangwanin na ce, "Daga tsiro?"

"Daga tsiro."

"To gyaɗar Inna dabba ce?"

Ya karɓe gwangwanin daga hannuna. Ya ce ai wannan inji ne ya tace shi, masana sun duba. Na ce Inna ma inji take kai niƙa. Ya ce ba irin wannan injin ba. Na tambaye shi wane tsiro ne, ya ɗaga gwangwanin ya kai kusa da fuska, ya nisantar, ya ce rubutun ya yi ƙanana. A nan maganar ta tsaya, amma ni tambayar ba ta bar ni ba. Man da na san gonar da aka noma shi, na san hannun da ya matse shi, an kore shi, an kawo wanda ba mu san uwarsa ba balle ubansa, don kawai ya zo da hoto.

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne yunwa. Abinci marar mai ba ya zama a ciki. Kafin la'asar sai ka ga yana zagaye gida. Mafitar da ya samu ita ce burodi da shayi, tunda babu kitse a cikinsu. Da safe shayi, ya dawo aiki shayi, bayan magariba shayi, kuma sukari yake zubawa har cokali ya kusa tsayawa. Ya lafta wa burodin botan mai hoton zuciya. A ofis, in rana ta yi, lemon kwalba da biskit. Duk wannan a wurinsa halal ne, ya bincika, ba maiƙo.

Tela ne ya fara tona asiri. Maigidana ya kai ɗinkin sallah, telan ya zagaya awo a cikinsa, ya sake zagayawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, sabuwar jihar nan ta karɓe ka." Ya dawo gida yana faɗa, wai telolin yanzu ba su iya awo ba.

Labari bai kai wa iyayenmu ba sai da Hajiya ta zo Gusau ganin likitan ido ta sauka a wurinmu. Maigidana shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika dubansa ido cikin ido ba. Na kawo mata tuwo, na zuba mata man shanu a nata ba tare da shawara da kowa ba. Tana ci, idonta ya kai saman kwaba. Idon da aka ce ba ya gani sosai, ya ƙirga kwalaben da take ta aikowa, cike, a jere, sun yi ƙura.

"Ɗiyata, waɗancan mi suka yi can bisa?"

Na ce ta tambayi mai gidan. Shi kuma ya durƙusa daga bakin ƙofa ya fara bayani, da bututun famfo da komai. Ya ce akwai wani abu a cikin man shanu da ake kira kolestarol.

"Kwalara?" Hajiya ta ajiye lomar da ke hannunta. "Man shanuna ka kawo kwalara?"

"A'a Hajiya, kolestarol."

Ba ta dube shi ba, ni ta fuskanta, kamar yadda ta saba in za ta yi masa faɗa.

"Gaya ma wanga, da man shanu anka yaye shi. Ubana da shi ya rayu har haƙoransa sunka zube sunka bar shi yana sha. In akwai mai kashe mutane, sai dai a bincika wani, ba nawa ba."

Kamar an shirya, ba a jima ba Inna ta yi sallama, ta shigo gari sayen gyaɗa ta biyo da galan ɗin mai a hannu. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Tsafe da na Bungudu, aka yi barkwancin da surukai kan yi. Sannan Hajiya ta ba ta labari, ta ƙare da cewa ita dai a ganinta man da ake soya abu a ciki, a sake soyawa, shi ya kamata a tuhuma.

Inna ta gyara zama. "Hajiya, ai ni na ji likitoci na cewa wanda ke daskarewa shi ne abin tsoro. Nawa ko cikin sanyi yana gudu."

"Naki gudu shikai, shi ya sa ba ya riƙe ciki."

"Naki kuwa riƙewa yake har ya ƙi saki."

Duk cikin murmushi ake yi, kowacce na kiran 'yar'uwarta da girmamawa. Maigidana, da yake surukarsa na wurin, ya kasa tashi, gumi kawai yake. Don in raba su na ɗauko gwangwanin bota na ce ga wanda ya gaje su. Hajiya ta lakata da ɗan yatsa ta ɗanɗana. Inna ma ta lakata. Suka dubi juna.

"Wanga ba man shafawa ba ne?" in ji Hajiya.

"Ko kaushi ban yarda ya warkar ba," in ji Inna.

Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya kamar ranar ba. Amma maigidana ko gezau bai yi ba. Bayan sun tafi ya ce iyaye abin girmamawa ne, sai dai zamaninsu daban, su suna noma suna daka, mai na ƙonewa a jikinsu. Na ce wannan gaskiya ne, shi kuma me yake yi da zai ƙona burodi? Ya ce in daina kawo burodi cikin maganar mai.

Abin da ya karya shi daga inda bai zata ba ya zo. Da matar marigayin abokinsa ta fita takaba, ya ce mu je Tsafe mu gaishe ta mu ga yara. Na shiga ciki, shi ya tsaya zaure har aka yi masa iso, ya zauna a tabarma daga ƙofar ɗaki. Aka yi addu'a. Sai halin nasa ya motsa. Cikin tausasa murya ya ce mata yana da shawara, ta kula da yaran nan, ta nisanta su da maiƙo, tunda shi ne ya yi sanadin mahaifinsu.

Matar ta ɗago kai.

"Mai kuma? Ai shi ba ya cin mai."

"Na'am?"

"Tun yana saurayi ƙwannafi yake sa shi. Tunda na zo gidan nan tukunyarsa daban nake yi. Ko ƙosai sai ya matse shi a takarda, ƙarshe ma ya bari."

Ta ce hawan jini gare shi, an daɗe da gaya masa, an kuma ba shi ƙwayoyi. In kansa ya yi ciwo ya sha, in ya ji sauƙi ya ajiye, ya ce ba zai zama bawan magani ba. Ta yi fama da shi a kan taba har ta gaji. "Kwana ne dai ya ƙare," in ji ta, "Allah ya jiƙansa." Muka ce amin. Ta share ido da gefen mayafi, ta tashi ta kawo mana ruwa.

A motar komawa Gusau taga kawai yake kallo har duwatsun Tsafe suka ɓace a bayanmu. Can ya nisa ya ce, kamar da kansa yake magana:

"Ni fa ba a taɓa auna ni ba."

Gaskiya ne kuwa. Duk watannin nan da muka yi muna cin tuwo kamar masu horo, ko sau ɗaya bai taka asibiti ba.

Ya ce in raka shi, kuma na san dalili. Yana so likita ya yaba masa a gabana. Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, marar gaggawa. Ya ɗaura masa abin awon jini a hannu, ya sa shi ya hau sikeli, ya saurari ƙirjinsa, ya tura shi a ɗebi jini. Da muka koma karɓar sakamako ya tambaye shi abin da yake ci. Maigidana ya gyara babbar riga ya jero duk abin da ya bari, yana yi yana satar kallona.

"Wa ya sa ka?" in ji likitan.

"A rediyo na ji, likita."

"Rediyon ya auna ka?"

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

"To, na ji abin da ka bari. Me kake ci?"

Nan murya ta fara ƙasa. Da aka zo kan shayi likitan ya tambayi sukari cokali nawa, maigidana ya ce daidai misali, ni kuma tari ya kama ni. Likitan ya dube ni ya ce, "Na gane, Malama."

Ya ce zuciyarsa lafiya lau take bugawa, amma jininsa ya ɗan hau, nauyinsa ya wuce inda ya kamata, sukarin jininsa ma ya fara leƙo kai. Ya ce abin da aka faɗa a rediyo ba ƙarya ba ne, yawan kitse ba alheri ba ne, haka aka koya musu, haka shi ma yake gaya wa masu zuwa wurinsa. Amma ba wanda ya ce a kori mai a cike gurbinsa da sukari. Jiki na bukatar mai daidai gwargwado. Da na fito da zancen gwangwanin, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ba zai rantse a kan duk abin da ke ciki ba, gyaɗa dai ya san ta. Ya ƙara da wata magana da ban zaci ji daga bakin likita ba, cewa su ma karatu suke, wani abin da suke faɗa da ƙarfi yau, gobe a zo a gyara shi.

Maigidana bai ji daɗin wannan ba. Shi doka yake so, mai baki ɗaya, wadda zai bi har ƙarshe. Ya matsa gaba ya ce:

"To likita, tsakanin man gyaɗa da man shanu, wanne ne?"

Likitan ya ce don girkin yau da kullum ya fi son na gyaɗa, man shanu kuwa a ɗan ɗiga don ƙamshi, kada a yi wanka da shi. Ya rage gishiri, ya rage sukari sosai, ya riƙa zuwa ana duba jininsa, kuma ya riƙa tafiya a ƙasa.

Muna fita muka tsaya a gindin wata bishiyar bedi, muka yi yarjejeniyar da har yau ba mu karya ba: wannan hukuncin ba zai isa Bungudu ba, kuma ba zai isa Tsafe ba, don in Inna ta ji, kafin sati Hajiya ta ji. Da yamma na yi ɗanwake. Ya ci, ya suɗe kwano, ya ce yajin yau ya yi daɗi. Yajin ne dai na kullum.

Cikin duk abin da likita ya faɗa, tafiya a ƙasa ita ce ta yi kama da doka, don haka ita ya kama. Ya jingine babur ɗinsa a zaure ya lulluɓe shi da tsohon zane. Kullum da safe sai ya saɓa babbar riga, ya rungumi jakarsa, ya kama hanyar sakatariya a ƙafa.

Mutanen Gusau kuwa ba su iya ganin ma'aikaci mai babbar riga yana taka ƙasa su wuce. Kowane mai babur ya tsaya, kowane mai mota ya yi hon. In ya ce motsa jiki yake, sai su gyaɗa kai cikin tausayi su ce Allah ya kawo sauƙi. Kafin wata ya ƙare labari ya zaga unguwa cewa mun sayar da babur. Wata maƙwabciya ta aiko mini da kwanon gero. Limamin masallacinmu ya ja shi gefe ya tambaye shi ko akwai abin da jama'a za su iya yi.

Da abin ya ishe shi ya bar bakin titi ya koma bin lunguna, inda ba mai mota. A can ne wata safiya wani tsoho mai keke, wanda ke kai ganye kasuwa, ya sha gabansa ya sauke ƙafa ɗaya.

"Hau, ɗana."

"Baba, na gode, motsa jiki nake."

"Na sani. Kowa haka shika cewa. Hau, ba mai ganin ka."

Tsohon a haife ya haife shi, ga shi ya riga ya matsar da damin alayyahu ya share masa wuri da hannun riga. Maigidana ya rasa yadda zai yi. Ya tattare babbar rigarsa ya ɗare bayan keken, jaka a cinya, tsoho na tuƙi yana nishi yana ba shi haƙuri a kan halin rayuwa. Bai sauke shi a lungu ba kamar yadda ya roƙa. Sai da ya kai shi har bakin ƙofar sakatariya, daidai lokacin da ma'aikata ke shiga.